Ku bar yara su taɓa littattafan nan mana

Waɗanda suka ga abin da na sa jiya da yamma kan dokar laburaren makarantar 'yata, wadda ta hana 'yan ƙananan aji taɓa littattafan ilimi, sun san dalilin da har yanzu raina bai huce ba. Na kwana ina juya maganar, na wayi gari ina nan kan bakana: ba daidai ba ne, kuma duk makarantar da ke da irin wannan dokar ta janye ta.

'Yata 'yar aji 1 ta shiga laburare, ta wuce 'yar kantar da aka ware musu, ta yi ɗage ta zaro littafin ƙwari mai ƙaton hoton tururuwa a bango, sai aka zare shi daga hannunta wai wannan ɓangaren na 'yan aji 3 zuwa sama ne. Da ta dawo ko kuka ba ta yi ba, cewa kawai ta yi, "Baba, Malama ta ce ban isa karanta na tururuwa ba." Ban isa ba fa. Yarinyar da ke tsugunawa rabin awa tana bin layin tururuwa da tsinke tana so ta ga inda suke kai kayansu, ita aka ce wa ba ta isa ba. Wallahi kalmar nan ta fi ƙona min rai fiye da littafin da aka karɓe.

Ga abin da da yawanmu iyaye ba mu lura da shi ba. Yawancin laburaren makarantu suna jera littattafan ilimi ne da tsarin da masanin laburare Melvil Dewey ya fitar tun 1876, kowane fanni da lambarsa, taurari 520, dabbobi 590, ƙwari 595.7. To tatsuniya fa? Ba ta cikin ƙagaggun labarai, tana 398.2, a ɓangaren zamantakewa, don an ɗauke ta a matsayin gadon al'umma. Ke nan ranar da ka ce ƙananan yara kada su je wajen littattafai masu lamba, ba kimiyya kaɗai ka rufe musu ba, har Gizo da Ƙoƙi ka kulle, da tatsuniyoyin sauran mutanen duniya gaba ɗaya. Tatsuniya fa! Abin da yaro ke sha tun bai san baƙi ba, ita za a ce sai ya kai aji 3.

Na ga masu cewa ai za su yaga. To su yaga, a liƙe da selotef. Littafin da ya shekara 10 a kanta fes babu yatsan yaro ko ɗaya a jikinsa asara ce. Tun 1931 masanin laburare ɗan Indiya, Ranganathan, ya sa dokarsa ta farko cewa littafi don amfani aka yi shi.

Wasu kuma sun ce ai ba za ta iya karantawa ba. Wa ya ce sai ta karanta kowace kalma? Za ta kalli hoto, za ta ƙirga ƙafafu ta ga shida ne, ta ga jikin kashi uku ne, sannan ta kawo min ta ce in karanta mata abin da ke ƙasan hoton, kuma ta nan karatun yake shiga ai, yaro ya ƙagu ya san abin da aka rubuta saboda abin ya dame shi. Ba kowane yaro ne labarin zomo mai riga da wando ke ja ba, wani sai jirgin sama, wani sai macizai. A Amurka wata mai bincike kan karatun yara, Nell Duke, ta bi azuzuwan aji 1 guda 20, ta wallafa a 2000 cewa minti 3.6 kacal yara ke samu a rana da rubutun ilimi. Sannan idan sun girma littafin kimiyya ya gagare su mu ce ba su da ƙoƙari, alhali mu muka hana su saba da shi.

Maganar za su hargitsa kanta kuwa ba ma zan tsaya kanta ba. A ba kowane yaro ɗan kwali ya soka a gurbin da ya zaro littafi, shi ke nan. Ni ban riƙi Malamar da komai ba, doka ta tarar, kuma na san mutum ɗaya da yara aji guda ba wasa ba ne. Dokar ce nake faɗa da ita. A bar yaran su taɓa littattafan.

Da daddare sai ga ta da tambaya wai tururuwa na barci. Na jawo waya zan duba mata, kafin shafin ya buɗe tallace-tallace uku sun faɗo, ɗaya ma sai da na kife wayar a cinya. Mu da muke miƙa musu waya su yi shiru mu samu mu huta, wannan ma maganar tana nan, don na ga yadda ɗan shekara 4 ke tsallake talla da yatsa ɗaya ko kallon allon bai yi sosai ba, kuma babu wanda ya ce masa bai isa ba.