Wa ya raba matasa da mota?

A shekarar 1983, kusan kashi 46 cikin ɗari na 'yan shekara 16 a Amurka suna da lasisin tuƙi. Zuwa 2014, kamar yadda wani bincike na Jami'ar Michigan ya nuna, ko kashi 25 ba su cika ba. A Birtaniya ma haka abin yake: a farkon shekarun 1990 kusan rabin 'yan shekara 17 zuwa 20 ke da lasisi, amma a 2014 sun dawo kashi 29. Kamfanonin motoci da dattawan ƙungiyoyin masoya mota sun daɗe suna kokawa, kuma amsarsu ɗaya ce: yaran yanzu ba ruwansu da mota, waya ta ɗauke musu hankali.

Waya tana da nata kason, ba musu. A da mota ce ke kai saurayi wurin abokansa, yanzu abokan suna cikin aljihunsa, in fita ta kama kuma ya kira Uber. Ga tsadar inshora ga sabon direba, ga tsauraran sharuɗɗan lasisi da jihohin Amurka suka fara gindaya wa yara tun tsakiyar shekarun 1990. Ni raguwar yara a kan sitiyari ba ta tayar min da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, don haka yaron da ya jinkirta tuƙi bai yi asarar komai ba.

Damuwata tana ƙarƙashin bonet.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar Volkswagen Beetle ko Peugeot 504 ya san injin a fili yake. Ga kabireta, ga fambel, ga wayoyin fulogi huɗu, ko'ina hannu na shiga. In mota ta fara tari, a kwance fulogi a duba bakinsa: ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, ya yi fari fat, iska ce ta rinjaya. A goge, a mayar, a ɗan murza sukurun kabireta ana kasa kunne har sautin injin ya daidaita. Yaron da aka ba wa tocila ya haska, ko aka ce ya miƙo sifana mai lamba 13, a nan yake kamuwa. Ya ga abu ya lalace, ya ga hannu ya gyara, ya ji injin ya tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da yawa daga cikin manyan injiniyoyi da ƙwararrun kanikawa daga irin wannan tsayuwar suka faro.

To yau fa? Ka ɗaga bonet, abin da za ka tarar faifan roba ne mai tambarin kamfani ya lulluɓe komai. A bayansa akwai ƙananan kwamfutoci da dama suna magana da juna. Wasu motocin ko batir ka canza sai an jona na'ura an sanar da ƙwaƙwalwar motar. Tun 1996 Amurka ta wajabta sa wata kafa ta bai-ɗaya, OBD-II, wadda kowa zai iya jona na'ura ya karanta matsalar injin, kuma hakan ya taimaka ƙwarai. Sai dai sababbin motoci na aika bayanansu kai-tsaye zuwa ga kamfani ta intanet, kuma gyare-gyare da dama sai da manhajar dillalin kamfanin. A 2022 kamfanin BMW har ya fara karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ya kunna wa mutum na'urar ɗumama kujera, alhali na'urar tana cikin motar da ya riga ya saya. Sai da jama'a suka yi caa ya janye a 2023. Ta yaya matashi zai ƙulla soyayya da abin da ya biya kuɗinsa amma ba a yarda ya taɓa ba?

Kada a ce ina kiran a koma zamanin kabireta. Motocin yau sun fi na da tsaro nesa ba kusa ba, sun fi tsimin mai, hayaƙinsu ya ragu. Mota mai lantarki kuwa ko baƙin mai ba a juye mata, kuma batirinta na da ƙarfin wutar da zai iya hallaka wanda bai san kansa ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma ɓoye littafin gyara da kulle manhaja ba su ne suka kawo wannan ci gaban ba. Shawara ce ta kasuwanci, don kuɗin gyara ya riƙa komawa gida.

Kuma sha'awar ba ta mutu ba. Matasan da ake cewa ba su damu ba su ne ke kwana kallon tseren Formula 1, su ne ke tuƙa motocin Gran Turismo a allon wasa, su ne ke bibiyar masu farfaɗo da tsofaffin injuna a YouTube. Wanda a da zai kwance kabireta, yau kwamfuta yake harhaɗawa da hannunsa, domin ita har yanzu tana buɗuwa da sukurudireba.

Shi ya sa nake ganin dokar haƙƙin gyara ta fi duk wata talla da kamfanoni za su yi don jawo matasa. A 2020 masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka, kusan kashi 75 cikin ɗari, suka amince cewa dole a buɗe wa mai mota da bakaniken da ya zaɓa bayanan da motar ke aikawa. Ƙungiyar kamfanonin motoci ta garzaya kotu don hana dokar aiki. Kamfanonin da ke kukan matasa sun juya musu baya su ne suka ɗauki lauyoyi don bonet ya ci gaba da zama a rufe. In da gaske suke, su saki littattafan gyara da manhajojin bincike a kan farashin da ɗalibi zai iya, su kuma ba makarantun koyon sana'a motocin zamani, har da masu lantarki, waɗanda yara za su kwance su ɗaura da hannunsu.