Wanda zai karanci muhalli, a bakin daji ya kamata ya zauna

A cikin 'yan uwanmu da ke zaune a Minnesota, idan yaro ya gama sakandare abin da ake fara tambayar iyayensa shi ne wace jami'a ce ta ɗauke shi. Ba a cika tambayar me zai karanta ba, don kowa ya san amsar da ake son ji: likita, injiniya, lauya ko kwamfuta. To ga ɗan wani abokina ya ce shi muhalli zai karanta, kuma ba a babbar jami'ar jihar da ke Minneapolis ba, a wata 'yar kwaleji ta shekara 2 da ke garin Ely, can kusa da iyakar Kanada. Ni dai ina bayan yaron.

Ely gari ne na mutum dubu 3 da ɗoriya, tafiyar fiye da awa 4 a mota daga Minneapolis. Kwalejin Vermilion tana can tun 1922, sai a 2022 aka haɗa ta da wasu ƙananan kwalejoji 4 na arewacin jihar suka zama Minnesota North College. Ba gini ne ya yi mata suna ba, maƙwabcinta ne: dajin Boundary Waters, wanda ya haura eka miliyan 1, da tafkuna fiye da 1,000, mafi yawansu an hana jirgi mai inji shiga sai kwalekwale. Ɗalibi a can da hannunsa yake auna kaurin bishiya, ya ɗebo ruwan tafki ya kai ɗakin gwaji, ya bi sawun kyarkeci a kan dusar ƙanƙara, ya koyi yadda ake tare gobarar daji. Darasin ma ba ya tsayawa a aji. Garin ya daɗe a rabe kan haƙar tagulla da nikel a kusa da dajin: wasu na cewa aikin yi ne ga garin da ma'adinin ƙarfensa na ƙarshe ya rufe tun 1967, wasu na cewa gubar za ta gangara cikin tafkunan. Alluna za ka gani a ƙofar gidaje, wannan na goyon baya, na kusa da shi na adawa. Yaron da ya yi shekara 2 yana sayen burodi a shago ɗaya da mutanen nan ya san rigimar muhalli fiye da wanda ya karanta ta a ɗakin lacca mai mutum ɗaruruwa.

Uban bai gamsu ba. Cewa ya yi, “Malam, na baro gida na zo nan ina aikin dare ne don ɗana ya zama malamin daji?” Ban yi dariya ba, don na san hoton da ke ransa: mutum mai koɗaɗɗen kaki a kan tsohon babur, yana ƙwace gatari a hannun mai saran ice. Kuma tsoronsa yana da tushe, sai dai tushen a Najeriya yake. A can wanda ya shiga kwalejin gona ko ta gandun daji ya fito da ND da HND, sau da yawa yana kallo mai digiri zai wuce shi a aikin gwamnati, shi kuwa a tsayar da shi a wani mataki. An daɗe ana alkawarin kawar da wannan bambanci. Shi ya sa yaro ya gwammace ya maimaita JAMB da ya tafi kwalejin gona ta Ɗambatta ko ta New Bussa, alhali kwalejin kula da namun daji ta tarayya da ke New Bussa tana gefen gandun Kainji ne, kamar yadda Vermilion take gefen nata dajin. Ga rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi. Tun da aka sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna a watan Maris na 2021, wa zai zargi uwar da ta ce ɗanta ba zai kwana a makarantar da ke bakin daji ba?

A nan kuwa kwalejin shekara 2 tsani ce. Darussan gama-gari da ɗalibi ya ci a kwalejojin gwamnatin jihar jami'o'inta na karɓar su, ya ƙarasa saura shekara 2, digirinsa ya fito da sunan jami'a, babu mai tambayarsa inda ya fara. Kuɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tun 2024 ma jihar ta kawo shirin North Star Promise, wanda ke ɗauke kuɗin karatu a makarantun gwamnati ga mazauna jihar da kuɗin shigar gidansu bai kai dala 80,000 a shekara ba. Wato mun ɗauko raini daga inda yake da dalili, mun kawo shi inda ba shi da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ne muka fi kowa buƙatar irin wannan ilimi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin bishiyoyi ta hanyar barin tohon gawo da ire-irensa a gonakinsu suna yi musu sassabe, har duniya na zuwa koyo. Fadamar Haɗeja da Nguru kuwa kacalla ta toshe mata hanyoyin ruwa. Duk aikin masu shiga da ƙafa ne, amma mun mai da shi karatun wanda ya rasa gurbi.

Ba na cewa a rufe ido a tura yaro duk inda aka rubuta muhalli a allo. Ƙananan makarantu masu zaman kansu na irin wannan fanni suna ta durƙushewa: Green Mountain a Vermont ta rufe a 2019, Northland da ke Ashland a Wisconsin ta bi sahu a 2025. Don haka ta gwamnati ta fi kwanciyar hankali, kuma tun ranar farko a nemi a ga a rubuce waɗanne darussa jami'a za ta karɓa. Aikin farko da ake samu yawanci na bazara ne, albashin ba yabo ba fallasa, sai an jure kafin a sami na dindindin.

Sai zaman kansa. A garin Tower da ke kusa da Ely aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin jihar a 1996, digiri 51 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas. Naman halal sai dai a cika firiza daga Minneapolis, sallar Juma'a kuwa sai an yi tafiyar wajen awa 2 zuwa Duluth, idan hanya ta yi kyau.