Finafinan tsallaka zamani: in 'yan fim suka taɓa littafi sai su tsinka shi da ruwa

Jama'a ni fa akwai abun da ke ci min tuwo a ƙwarya game da labaran nan na mutum ya hau na'ura ya faɗa wani zamani. A littafi sai abun ya kama ka ka kwana kana tunani, amma da zarar an ce za a yi fim ɗinsa to shikenan. Kuma inaga tsoro ne ke jawo haka, gani suke ɗan kallo ba zai iya zama ya yi tunani ba sai an haɗa masa da budurwa da guje-guje.

Ɗauki The Time Machine na H.G. Wells da ya fito a 1895. Mutumin da ke cikin littafin ko suna ba a ba shi ba, son sani ne kawai ya sa ya ƙera na'urarsa a Richmond da ke gefen Landan ya dira a shekara ta 802,701. Can ya tarar 'yan Adam sun rabu biyu, ga Eloi 'yan ƙanana kyawawa ba aikin fari ba na baƙi sai wasa da cin 'ya'yan itace, ga kuma Morlock a ƙarƙashin ƙasa cikin duhu, su ke fama da injina, su ke yi wa na saman sutura, in dare ya yi kuma su fito su kama su su cinye. Ingilar zamaninsa Wells ke wa habaici, masu kuɗi a sama leburori a rami, har jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan sai da ya kawo a matsayin hujja.

Mu da ke zaune garin nan ai da ido muke ganin abun. Shiga bas ɗin ƙarfe biyar na asuba ka gani, cike yake da masu shara da goge-goge da masu gadi da masu kula da tsofaffi, yawanci baƙi irinmu, kowa ya jingina kai da gilashi yana gyangyaɗi da kular abinci a cinya, kafin tara ta yi sun gyara ofisoshi tas sun ɓace, masu kwat su shigo su zauna ba su ma san fuskar wanda ya kwashe musu shara ba. Wannan ne ran littafin.

To a fim ɗin 2002 me aka yi? Kuma fa Simon Wells ne darakta, tattaɓa-kunnen marubucin! Aka kwashe labarin aka kai New York, aka ƙirƙiro wa mutumin budurwa, ɗan fashi ya harbe ta, wai shi ya sa ya ƙera na'urar don ya koma ya cece ta. Rabuwar mutane kuma aka ce fashewar wata ce ta jawo, kun ga an wanke masu kuɗi kenan, laifin ya koma sama. Na 1960 da George Pal ya yi ya fi mutunci, amma shi ma yaƙi ya ɗora wa laifin. Kuma dukansu sun tsallake wurin da ya fi tsaya min a rai, inda mai na'urar ya ƙara gaba shekaru miliyan 30 ya tsaya a bakin teku, rana ta yi jajir tana mutuwa, ba mutum ko ɗaya.

Wani lokacin ma dai ba laifinsu ba ne gaba ɗaya, akwai abun da takarda ce kawai ke iya shi. A gajeren labarin Ray Bradbury na 1952, A Sound of Thunder, mafarauci ya koma zamanin da, ya taka malam-buɗe-littafi guda ɗaya, da ya dawo sai ya ga rubutun allon ofis ya canza haruffa, wanda ya faɗi zaɓe kuma shi ne ya ci. Kai mai karatu da idonka za ka ga haruffan sun karkace gabanka ya faɗi. 'Yan shafuka ne, ya za a yi su cika awa ɗaya da rabi? Sai fim ɗin 2005 ya cike gurbin da dodanni suna bin mutane a Chicago, ko kasuwa bai yi ba.

Mu ma a gida mun san ciwon nan, littafin Hausa yarinya za ta yi shafi uku tana saƙa da warwara a zuci, in an zo fim sai a sa ta zauna bakin gado tana magana ita kaɗai da ƙarfi, ko kawai a yanka a shiga waƙa. Amma namu ina musu uzuri, kuɗin ba yawa, lokacin ma haka. Waɗannan kuwa kusan dala miliyan 80 suka kashe a fim ɗin 2002.

Wanda na ga ya yi ƙoƙari shi ne Predestination na 2014, da aka yi a Ostareliya daga labarin Robert Heinlein na 1959. Ba su ji kunyar barin mutum biyu su zauna a mashaya suna hira mai tsawo ba kaman yadda yake a rubuce, kuma ba su tauna maka ƙarshen sun sa maka a baki ba. In za ka kalla dai ka ajiye wayarka, in ka ɗauke ido minti biyar sai ka dawo baya.