Ledar Da Kuka Bari A Ruwan Wikki

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana. Yau kwana huɗu ke nan da dawowarmu daga Yankari, amma abin da na gani a can ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi wucewa. Shi ya sa na ce bari in amayar da shi a nan ko na samu sauƙi. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Iyali na kwasa muka je, don autana ya hana ni sakat da zancen yana son ganin giwa. Mun bar titin Bauchi zuwa Gombe a Dindima, muka miƙa har Mainamaji inda ƙofar shiga take, daga nan kuma muka ƙara tafiyar kilomita 43 cikin daji kafin masauki. Washegari bayan sallar asuba na gangara matattakala zuwa ruwan Wikki ni kaɗai. Gani ya kori ji. Ruwa ne ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau da shi, kana tsaye ya kai maka ƙirji amma kana iya ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, ba wanda ya hura masa wuta. Ga sanyin hunturu na kaɗawa, ga tururi na tashi a saman ruwan, tsuntsaye na ta hidimarsu a kan itatuwa. Na daɗe ina tasbihi a wurin nan.

Hantsi na dubawa sai ga motoci biyu manya sun tsaya, cike da ɗaliban wata babbar makaranta da suka zo yawon buɗe ido. Ba zan faɗi sunanta ba. Wallahi na yi murna da ganinsu, na ce madalla, yaranmu sun fara sanin ƙasarsu. Ashe murna za ta koma ciki. Abin da aka fara saukewa daga mota sifika ce mai girman akwatin lefe. Kafin ka ce kwabo tsuntsayen nan sun yi ɗif, ko sun gudu ko kiɗa ya danne su, oho. Sai jakunkunan fiya wata, sai katan-katan na lemon roba, sai shinkafa a fararen robobin nan na abincin sayarwa. Kafin azahar, wurin da na yi tasbihi da asuba ya koma kamar tashar mota ranar kasuwa. Leda a kan matattakala, leda a gindin itace, murafan roba, cokulan roba, ɓawon ayaba, har da ƙunzugun jariri, wanda ban ma san daga ina ya fito ba.

Ɗaya daga cikinsu ne ya fi tsaya mini a rai. Saurayi ne kyakkyawa, fari tas da rigarsa, takalminsa ko ƙura babu. Yana zaune a bakin ruwa ya cinye shinkafarsa, ya lashe cokali, ya mayar da murfin robar ya rufe, sannan ya ɗora ta a kan ruwa a hankali ya tura ta da yatsa kamar kwalekwale. Ya ciro waya yana ɗaukarta bidiyo tana tafiya, abokansa na ta shewa. Kwandon shara kuwa yana bayansa, bai fi taku goma ba. Na ce masa, "Ɗan samari, don Allah tsamo robar nan ka kai kwando mana." Ya dube ni sama da ƙasa, ba da tsawa ba, cikin ladabi ma, ya ce, "Baba, ai wurin gwamnati ne, akwai masu shara, albashi ake ba su. Kuma mun biya kuɗin shiga."

Wannan amsar ce ta hana ni barci. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, don sai in ce yaro ɗaya ne mara kunya. Amma ya faɗe ta ne da zuciya ɗaya, bai ga laifin komai ba, abokansa ma ba su gani ba. Malaminsu da ya rako su yana kan kujera yana danna waya, ko kai bai ɗago ba.

To ƙanina, bari in tambaye ka. Ka biya kuɗin mota daga Kano zuwa Bauchi, shi ke nan ka sayi motar, sai ka yage kujera? Ka biya kuɗin shiga ne don ka gani, ka yi wanka, ka tafi ka bar wa na bayanka. Kuma wai wurin gwamnati. Wace ce gwamnatin? Ita ce za ta zo ta yi iyo a ciki? Ni da kai ne, da ɗanka da ba ka haifa ba tukuna. Wannan kalma ta "ai na gwamnati ne" ita ta cinye mana famfon unguwa, ita ta ɓalle tagogin firamare, ita ta kwashe wayar lantarki, yanzu kuma ta biyo mu har cikin daji. Takalminka ka goge shi fes saboda naka ne, ruwan da Allah Ya fitar daga dutse kuma ka mayar da shi juji saboda ba sunan ubanka a kai.

Kuma ka san inda robar taka ta tafi? Ruwan Wikki ba tafki ba ne, gudu yake yi. Kusan lita miliyan 21 ke fita daga gare shi kullum yana malala zuwa kogin Gaji, kuma idan rani ya tsananta, ƙoramu suka ƙafe, a bakin kogin nan dabbobin dajin ke taruwa su sha. Giwa, ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo, duk can suke sauka. Ledar da ta sha mai da gishirin miya, dabba ba ta bambance ta da abinci. In kana musu, je kwata gobe da safe ka tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbin shanu da tumakin da ke kiwo a bola. Za su nuna maka dunƙulen leda baƙi ƙirin, a murɗe kamar igiya, wani sai an ɗaga shi da hannu biyu. Dabbar tana ci tana ramewa har ta faɗi. Wannan fa mai ubangiji ke nan, wadda za a iya kai wa likitan dabbobi. Ta dawa wa zai kai ta? Sai dai ungulu ta ba da labari.

Ban gama da wannan ba sai na ga abin da ake yi wa birai. Duk wanda ya san masaukin Yankari ya san gwaggon biri da gadu suna yawo a cikinsa kamar awakin gida. Yaran nan sai su jefa wa biri biskit da ledarsa, ya ɗauka ya yage da haƙori, su yi ta dariya. Ya dawo neman ƙari, sai a bi shi da jifa, wani na riƙe da waya yana ɗauka don TikTok. Na ga dutse ya sami wata uwa mai ɗauke da ɗanta a ciki, ta yi wata ƙara da har yanzu nake jinta. Ku kuka koya masa cin abincin mutane, ku kuka cire masa tsoro, gobe in ya fizge jakar wata baiwar Allah ko ya ciji yaro a ce birin nan mugu ne. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, dabbar nan fiƙarta ta kai tsawon yatsa. Shin ba a karantar da ku a Islamiyya cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa ba, wani kuma aka gafarta masa saboda ya shayar da kare? Ba ku ji an tsine wa mai mayar da abu mai rai abin gwada saiti ba? Ba ku ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi a kan ƙazanta mashayar ruwa da hanya da inuwar da mutane ke hutawa ba? Duk kun haddace, kun ma ci jarrabawa a kai. Kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce, ku kuma sai ku zuba.

Wayar nan ma dai, Allah Ya kyauta. Mutum ya yi tafiyar awa biyar ya zo daji, bai kalli itace ɗaya da idonsa ba, fuskarsa kawai yake kallo a gilashi yana turo baki. Wasu sun koma gefe sun kafa tukunyar shisha, hayaƙi na tashi, a cikin busasshiyar ciyawar da tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Wata kuma ta zage tana wanke kai da sabulu a cikin ruwan, kumfa na bin mutane. Maganar suturar wanka kuwa gara in bar kaza cikin gashinta.

Wurin nan ba da ka aka same shi ba. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A da akwai raƙumin dawa a cikinsa, akwai rabbi, akwai kyarkeci. Yau babu ko ɗaya. Giwayen da aka ƙirga sama da 300 wajen 2006, yanzu ƙiyasinsu bai wuce 100 zuwa 150 ba, kuma duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya. Akwai masu gadin daji da ke kwana a kurmi, suna kasada da ransu gaban mafarauta masu bindiga don sauran nan su tsira. Na sani, ba ledarka ce ta kashe raƙumin dawa ba, ba zan yi maka ƙage ba. Amma zuciyar da ta ce wa mai bindiga "harba, ba na kowa ba ne", ita ce ta ce maka "yar, ba na kowa ba ne". Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ku dubi maƙwabtanmu a Nijar. Raƙuman dawan yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu har suka koma 49 a 1996, su ne kaɗai irinsu da suka rage a duniya. Ba shinge aka yi musu ba, a cikin gonakin talakawa suke yawo, har wake suke ci musu. Aka haɗa kai aka bar su, yau sun haura 600. Manomin da ba shi da digiri ya iya haƙuri da dabbar da ke cin amfaninsa, kai mai karatun jami'a ka kasa taku goma zuwa kwando.

Wani lokaci in na tuna yadda muka tashi sai in rasa inda muka ɓata. A ƙauyenmu akwai hurumi a bayan gari, ba na kowa ba ne, kuma saboda ba na kowa ba ne kowa ke tsaronsa. Ba ka isa ka sa gatari a gindin tsamiya ko ɗorawa ko kaɗanya ba. Ko malamin daji bai gan ka ba, tsohon da ya fara cin karo da kai zai kai ka gaban mai gari. Maharba suna da Sarkinsu, suna da lokacin fita, kuma abin kunya ne a ga mutum ya dawo da macen da ke shayarwa. Tafkin da muke sha, yaro ya kuskura ya yi fitsari kusa da shi, duk macen da ta gani uwarsa ce a ranar, za ta zane shi ta kuma kai shi gida a ƙara masa. Duba-gari in ya shigo unguwa har randa yake leƙawa. Kakata in za mu yi tafiya a ƙwarya take zuba mana guzuri, ruwa a gora, ƙosai a ganye. Ka ci ka yar da ganyen, akuya ta cinye. Ba mu san kalmar muhalli ba, ba a taɓa tara mu a otal an yi mana bita a kanta ba. Kunya kawai muke da ita, da tsoron a ce ɗan gidan wane ne ya yi.

Yanzu fa? Ka yi wa yaro magana ubansa ya zo har ƙofar gida ya ce ina ruwanka. Mu ma iyayen ba mu fita ba, kada in ɗora muku duka. Alhaji ne a cikin mota mai sanyi, zai sauke gilashi ya wurgo robar ruwa tsakiyar titi, 'ya'yansa na baya suna kallo. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun bar shi ya bushe a karkace muna neman wanda za mu zarga. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Je ka Dutsen Dala, je ka bakin dam ɗin Tiga, je duk inda jama'a ke zuwa shan iska, itatuwa sun yi 'ya'yan baƙar leda. Ni dai roƙona ku ji tsoron Allah, ku gyara. Abin da ka shigo da shi daji ka fita da shi, ai ba nauyi gare shi ba.

Giwar ma ba mu gan ta ba. Mun zaga da mota har faɗuwar rana, sai sawunta da kashinta mai jagora ya nuna wa autana, ya ce da sanyin safiya suka wuce. Da muka dawo motocin ɗaliban sun tafi. Na sake gangarawa Wikki, na tarar da wani dattijo ma'aikaci, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya naɗe wando yana cikin ruwa da doguwar sanda, yana tsamo leda ɗaya bayan ɗaya yana cusawa a buhu. Buhu biyu sun riga sun cika a gefe. Kunya ta kama ni kamar ni na zubar, na tuɓe takalmi na shiga ina taya shi. Na ce, "Baba, sannu da aiki, yaran nan sun wahalar da kai yau." Ya yi murmushi, ya matse wata leda ya jefa a buhu, ya ce, "Alhaji, yau ai da sauƙi. Ka dawo washegarin Sallah."