Bam ɗin da bai rushe gini ko ɗaya ba

Duk sanda aka tada zancen Rasha da Amurka a nan, jama'a, sai a hau ƙidaya: wannan na da makaman nukiliya kaza, wancan na da kaza. Ni dai ƙidayar nan ba ta burge ni. Abin da ke hana janar-janar ɗin barci shi ne, bayan bam ya tashi, rediyo da rada da kwamfutocinsu za su ci gaba da aiki kuwa?

Ranar 9 ga Yulin 1962 Amurka ta tayar da bam na gwaji, Starfish Prime, kimanin kilomita 400 a sama da tsibirin Johnston da ke tekun Pasifik. Ko gini ɗaya bai faɗi ba. Amma a Hawaii, wajen kilomita 1,400 daga wurin, fitilun titi kusan 300 suka ɗauke, daga baya kuma taurarin ɗan'adam suka yi ta lalacewa, har da Telstar 1. Fashewa a can sama tana sakin wani irin bugun lantarki da ke bin wayoyi ya ƙona abin da ya tarar, kamar dai yadda wuta kan dawo da ƙarfi ta cinye wa mutum talabijin da firij, sai dai wannan ƙasa guda yake iya haɗawa.

Ku dubi abin da tsoron nan ya sa Amurkawa suka yi. A sansanin Kirtland na jihar New Mexico suka gina wani katafaren dandamali na katako zalla, suka guje wa ƙusar ƙarfe don kada ta ɓata awo, su ɗora jirgin yaƙi B-52 a kai su yi ta dirka masa bugun lantarki, a ga me zai mutu a cikinsa. A dutsen Cheyenne na Colorado kuwa, inda sojojin Amurka ke da cibiyar ba da umarni, ofisoshin da ke cikin dutsen a kan sifirin suke zaune, don girgiza.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na 1976, lokacin da matuƙin Sobiyet Viktor Belenko ya gudu da jirgin yaƙi MiG-25 zuwa Hakodate a Japan. Da aka kwance jirgin sai ga kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo. An yi ta dariya, wai 'yan Sobiyet sun tsufa. Alhali kwalaben nan sun fi ƙananan na'urorin zamani jure wannan bugu.

Shi ya sa sojojin yau, da komai nasu ya rataya a GPS da intanet, nake ganin sun fi na jiya rauni ta wannan fuska. Ita kanta Amurka har yanzu tana riƙe da tsofaffin jiragen Boeing 747 guda 4, masu suna E-4B, waɗanda aka kare wayoyinsu, don shugabanni su samu inda za su ba da umarni idan na ƙasa ya yanke.