Kwana 16 a kan kujerar da aka ba shi ta wata 6

'Yan'uwana matasa, yawancinmu ba mu kai ga babban muƙami ba tukuna, amma halin da za mu nuna a can tun yanzu yake tsiro, a shugabancin ƙungiyar ɗalibai ko ta unguwa. Shi ya sa nake so ku san labarin Sinsinatus na birnin Rum.

A shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wata ƙabila da ake kira Aequi ta yi wa rundunar Rumawa ƙawanya a dutsen Algidus, har da shugaban rundunar, Minusiyus. Hankalin majalisar dattawa ya tashi. A tsarinsu, idan ƙasa ta shiga irin wannan hali, akan danƙa wa mutum ɗaya cikakken iko na tsawon wata shida, ba mai ja da umarninsa. Suka zaɓi Sinsinatus, wanda ya taɓa riƙe muƙamin shugabancin ƙasar shekara biyu kafin nan, a 460.

Kamar yadda masanin tarihinsu Livy ya kawo, 'yan aike sun same shi a 'yar gonarsa a ƙetaren kogin Tiber yana aiki. Talauci ne ya kai shi can, don ya sayar da dukiyarsa ya biya kuɗin belin ɗansa Kaeso da ya tsere daga shari'a. Ya sa matarsa Rasiliya ta kawo masa mayafinsa, ya share gumi da ƙura, sannan ya saurari saƙon.

Ku dubi yadda ya yi aiki. Mataimakin da ya ɗauka, Tarkwitiyus, mutum ne da rashi ya sa yake yaƙi a ƙasa ba doki, amma an san shi da jarumta. Sinsinatus ya rufe kasuwanni da kotuna, ya ce duk mai shekarun yaƙi ya fito kafin faɗuwar rana da guzurin kwana biyar da turaku 12. Cikin dare suka isa, suka kewaye maƙiya da rami da shinge, masu ƙawanya suka koma cikin ƙawanya. Da aka raba ganima, bai ba rundunar da aka ceto ko ƙwayar zarra ba.

A rana ta 16 ya ajiye mulki ya koma gonarsa. Saura fiye da wata biyar a wa'adinsa, sojoji na hannunsa, gari na yabonsa, ga shi da bukata. Wannan ne wurin da ke taɓa min zuciya. Mu kuwa, wa'adi kan cika sai a ji "jama'a ne suka matsa min", a ɗage zaɓe, littafin kuɗi ya yi ɓatan dabo. Don Allah, idan an ba ka amana, ka san ranar sauka tun ranar hawa. Ka miƙa takardu da lissafi cikakku, kuma kada ka bari 'yan kanzagi su shawo kanka cewa in ba kai ba sai rijiya.

Sinsinatus ba waliyyi ba ne. Ya yi tsayin daka wajen adawa da talakawan Rum lokacin da suke neman a rubuta dokoki don rage ikon manya, kuma wannan ba abin koyi ba ne. Amma a 439 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana da shekara sama da 80, aka sake danƙa masa wannan iko saboda wani rikicin cikin gida, kuma rikicin na lafawa ya sake sauka.