Ku bar ƙannenku su yi aikin da hannunsu

'Yan uwana samari da 'yan matan Zangon Kumasi, na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, yau da ku nake, musamman masu ƙanne a aji huɗu zuwa shida na firamare.

A manhajar firamare da aka sauya a Gana a 2019, yaron aji biyar ba lissafi da Turanci kaɗai yake yi a mako ba. Akwai kimiyya, akwai tarihin ƙasa, akwai kwamfuta, sannan akwai darasin fasaha, inda ake zane da ƙira da waƙa da wasan kwaikwayo. Wannan na ƙarshen shi ne muka raina. Yaro ya dawo ranar Juma'a ya ce malama ta ce su zo da kwali da gam da zare, sai a ce masa wasa ne, ya je ya ɗebo ruwa. In kuma an tausaya masa, sai yayansa ya karɓe aikin ya yi masa cikin dare, ko ya kai wa mai rubutun allon talla a bakin titi ya biya. Wallahi wannan tausayin ya fi rainin ɓarna.

Ku duba abin da ke faruwa in an bar yarinya ta yi da kanta. An ce ta buga alamar adinkra, wato zanen gargajiya na Asante, a ƙyalle, irin yadda ake yi a garin Ntonso kusa da Kumasi da hatimin ƙwarya. Ba ta da ƙwarya, sai ta yanka dankali biyu ta sassaƙa. Bugun farko ya fito a juye, domin ba ta san hatimi yana juya hoto ba. Ta zauna shiru, ta juya dankalin a hannu, ta gane, ta sake yankawa. Tazarar da za ta bari tsakanin alama da alama sai ta auna da tsinken tsintsiya, ta raba faɗin ƙyallen gida shida. To rabawar da malamin lissafi ya yi ta fama da ita ranar Talata, ga ta nan ta shiga kai. Wanda ya yi mata aikin ya ƙwace mata duk wannan, kuma malamar ba ta ruɗuwa, ta san hannun ɗalibarta.

Masu cewa zane ba namu ba ne, ina zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar Alƙur'ani? Ina aska takwas a wuyan babbar riga, da ɗinkin hula? In damuwarku zanen mai rai ce, ku tambayi malamanku, amma kada ku rufe ƙofar gaba ɗaya. A nan Kumasi Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, ya yi karatun fasaha a jami'ar KNUST, kuma da tsofaffin buhunan koko da gawayi ya yi aikin da aka nuna har birnin Benis na Italiya. Mai gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai, ma da ido da hannu yake ci.

Na san gidajenmu: ɗaki ɗaya, mutum da yawa, Asabar da Lahadi ga makarantar Islamiyya, 'yan mata ga talla ga wanke-wanke. Shi ya sa nake roƙon ku, ba iyaye ba. Kai da kake da awa uku ta kallon waya, ɗauke wa ƙanwarka aiken kasuwa na yamma ɗaya. Ke kuma ki ajiye mata kwalin madara da murafen kwalba da ragowar atamfa daga shagon tela, ki riƙe mata fitila in an ɗauke wuta. Almakashin dai ya zauna a hannunta, ko layin ya karkace.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ku tambaye su me suka yi a aji makon nan, ku ce su ɗauko littafin su nuna muku shafin. In an kira taron iyaye da malamai kuma Baba yana kasuwar Kejetia ba zai samu zuwa ba, ɗayanku ya je a madadinsa.